Gaban Gidan Mai Ba Shi Ne "In Front Of" Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana malaman makaranta da kuma iyayen yara. Maganar da ke tafe da ni, wani zai ga ba ta kai a ɗauki alƙalami dominta ba, tunda ba ta tsaro ba ce, ba kuma ta tsadar abinci ba. Magana ce kan 'yan ƙananan kalmomin Turanci masu nuna inda abu yake, irin su "in" da "on" da "at" da "behind" da "opposite", waɗanda a aji muke kira "prepositions". Shekara 31 na yi ina koyar da Turanci, daga firamare har ƙaramar sakandare, a nan ƙasar Zazzau, kuma har yanzu da na ajiye aiki akwai yaran unguwa da ke taruwa a zaurena bayan la'asar. Amma sai bana na gane irin ɓarnar da muke yi wa yara a wannan ɗan babi, kuma da hannuna a ciki.

Bayan ƙaramar sallah wani tsohon ɗalibina ya zo gaishe ni. Yaro ne mai hankali, ya ci Turancinsa a jarrabawar WAEC tun zaman farko, kuɗin ci gaba da karatu ne babu. Sai ya tafi Abuja ya samu aikin kai wa mutane saƙo a kan babur, abinci ne, magani ne, duk dai abin da suka saya ta waya. Muna zaune a tabarma na ga ya yi shiru, yana ta juya wayarsa a hannu. Can sai ya buɗe ta ya miƙo min. Gilashinta duk ya tsattsage, sai da na sa tabarau na karkata ta wajen hasken ƙofa kafin na iya karantawa. Saƙon wata mata ne, layi ɗaya tak: "I am standing in front of the filling station."

Ya ce, "Malam, da na iso gidan man sai na wuce shi, na yi gaba kaɗan, na tsaya inda katangarsa ta ƙare. Ranar ana layin mai, motoci sun rufe ko'ina, ba na hango kowa. Na kira ta, ta ce tana 'in front', na ce ni ma ina 'in front'. Haka muka yi ta yi har wajen minti 20." Matar ta gaji, ta soke odar, ta rubuta ƙorafi cewa an turo mata wanda bai je makaranta ba. Aka cire kuɗin abincin daga albashinsa. Na lura ba kuɗin ne ke cin ransa ba, wannan kalma ta "bai je makaranta ba" ce. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, ba kai ka rubuta mana a allo cewa 'in front of' shi ne 'gaba' ba?"

Ni na rubuta. Na ce masa, "Ni ne, ɗana. Kai abin da aka koya maka ka bi." Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Malam Edita, ka tsaya a Ƙofar Doka ka tambayi ɗan acaba inda wani shago yake. Idan ya ce maka "yana gaban gidan mai kaɗan", ba Bahaushen da zai tsaya a bakin gidan man yana waige-waige. Kowa ya san sai ka wuce shi. Gabanmu na matafiyi ne, inda ka dosa nan ne gaba. Shi kuwa mai Turanci, idan ya ce "in front of", yana nufin ɓangaren da ginin ya ba fuska, wato wajen ƙofarsa. Abin da mu muke nufi, shi sai ya ce "past" ko "beyond" ko "after". Abin da shi yake nufi kuwa, mu ba mu cika ce masa gaba ba ma. Cewa muke yi "yara suna wasa a ƙofar gida", ko "ina tsaye a bakin gidan mai". Da na koya wa yaron nan cewa "in front of the house" ƙofar gida ce, da bai wuce matar nan ba.

Ba ni na fara lura da wannan ba. Wani Ba'amurke masanin harshe mai suna Clifford Hill ya yi nazarin yadda Hausa da Turanci suka bambanta kan gaba da baya, an kuma buga aikin a 1982. Wani malaminmu ya taɓa kawo mana maganar lokacin da nake karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, muka rubuta don jarrabawa, muka wuce. Abin da mutumin ya gano shi ne, idan abubuwa biyu marasa fuska da ƙeya suna jere a gaban mai magana, mai Turanci yana ɗaukar su kamar suna fuskantarsa, saboda haka na kusa da shi shi ne a gaba. Bahaushe kuwa yana ɗaukar su kamar sun juya suna kallon inda shi ma yake kallo, saboda haka na nesa shi ne a gaba. Ni dai da sahun sallah na fi fahimtar abin. Ka shigo masallaci a makare, sahun da ya fi nisa da kai shi ne sahun gaba, wanda ke dab da kai shi ne na baya. Haka idonmu ke jera duniya. Inda muka haɗu da su kawai shi ne idan wani abu ya ɓoye wani, kamar akuya ta laɓe ba a ganinta, nan mu ma "bayan bishiya" muke cewa, su ma "behind the tree".

Washegari na ce bari in gwada da idona. Da yaran suka taru na sa aka ɗauko min ƙwarya da ludayi daga cikin gida. Na kife ƙwaryar a tsakiyar tabarma, na kira su ɗaya bayan ɗaya, sauran suna waje don kada wani ya kwaikwayi wani. Ina miƙa wa yaro ludayi in ce, "Ajiye shi a gaban ƙwarya." Mafi yawansu miƙa hannu suka yi suka tsallake ƙwaryar suka ajiye shi can ɗaya ɓangaren. Wata yarinya 'yar aji huɗu, mai lalle a yatsu, ta tsuguna ta riƙe ludayin ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Malam, gabanta ko gabana?" Na ce Allah ya yi miki albarka. Tambayar da ya kamata in yi wa kaina ke nan tun shekarar da na fara riƙe alli. Daga nan na ce musu da Turanci, "Put it in front of the calabash", na nuna musu cewa mai wannan harshe tsakaninsa da ƙwaryar yake so a sa. Suka yi ta mamaki, har wani ya ce ashe Turawa a juye suke kallon abu. Na ce su ma haka za su ce da mu, kowane harshe da inda ya tsaya yake kallo.

To yaya muke koyar da wannan babi a makarantunmu? Duk wanda ya zauna a ajin firamare ya sani. Malam zai ja layi a tsakiyar allo, hagu Turanci, dama Hausa in ma ya yarda ya rubuta Hausar: "in" ciki, "on" kan, "under" ƙarƙashi, "behind" baya. A zana tebur da kyanwa. Yara su rera da ƙarfi har ajin da ke maƙwabtaka ya ji. Mako ɗaya an gama, an wuce wani babi. Mu da muka shiga firamare a 1976, shekarar da aka fara shirin UPE na ilimin firamare ga kowa, ko wannan layin na dama ba mu samu ba. Monita na rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a aji, wai ya yi banakula, a yi masa bulala. Muka girma muka zama malamai, muka ɗora daga inda aka tsaya, muna ganin kamar Hausa ce ke hana yaro iya Turanci.

Alhali a wannan babin musamman, Hausa ba ta da na biyu wajen sauƙaƙa wa malami aiki, in dai ya san yadda zai yi da ita. Ku duba kalmominmu na wuri, kusan duk daga jikin mutum muka ɗauko su. Kan tebur daga kai ne. Cikin ɗaki daga ciki ne. Ga bayan gari, ga bakin kogi, ga gindin bishiya, ga jikin bango. Kasuwar nan ta Kaduna da ake kira Bakin Dogo, layin dogo aka yi wa baki. Yaro ɗan shekara biyar ya riga ya mallaki duk wannan, ba wanda ya zaunar da shi. Ya zo makaranta da cikakkiyar taswira a kansa. Aikin malami shi ne ya nuna masa inda taswirar Bature ta yi daidai da tasa da inda ta kauce. Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari.

Kuma wuraren da ta kauce suna da yawa, su ne kuma ainihin darasin. Agogo yana jikin bango, amma a Turanci "on the wall" ne, duk da cewa ba a saman bangon yake ba, domin su "on" ɗinsu taɓawa ce, ko daga sama, ko daga gefe, har ƙadangaren da ya manne a silin "on the ceiling" yake. Dattawa suna hira a gindin bishiya, su sai su ce "under the tree". Baƙo yana bakin ƙofa, "at the door". Mu tsuntsu a kan bishiya yake, su kuwa "in the tree" suke cewa, saboda rassa da ganye sun kewaye shi. Wanda ya fi ba yara wahala shi ne na abin hawa. Mu duk ciki ne, cikin mota, cikin bas, cikin jirgi. Su kuwa "in the car" ne, amma "on the bus", "on the train", "on the plane". Dabarar da nake ba yara ita ce, duk abin hawan da za ka iya miƙewa tsaye ka yi tafiya a cikinsa, "on" ne, wanda kuwa sai ka sunkuya ka shiga ka zauna, "in" ne. Babur da keke da doki kuwa mun yi daidai da su, a kai ake hawa.

Sai kuma 'yar kalmar nan tamu "a", wadda ita kaɗai take ɗaukar kayan da kalmomi uku ke ɗauka a Turanci. A Zariya, a titi, a tasha, duk "a" ce. Su kuwa gari da ƙasa "in" ne, titi "on" ne, wurin da mutum ya tsaya ƙyam kamar ɗigo a takarda "at" ne. Shi ya sa mutum ɗaya a lokaci ɗaya zai iya zama "at the gate, on Sokoto Road, in Zaria". Yaron da aka ce masa "in" ciki ne kawai, yaya za a yi ya san Zariya ma "in" take ɗauka, tunda shi bai taɓa cewa "ina cikin Zariya" ba sai in yana nufin cikin ganuwa?

Idan ɗalibi ya rubuta "he is in my front" ko "she sat at my back", jan biro muke zuba masa mu ce bai da ƙwaƙwalwa. Ni kuwa yanzu abin da nake gani a wannan jimlar shi ne yaro mai tunani daidai, "yana gabana", "ta zauna a bayana", ya ɗauki Hausarsa ya sa mata rigar Turanci saboda ba wanda ya nuna masa cewa a can "in front of me" da "behind me" ake cewa. Mai duba takardar WAEC ko NECO ba zai yi masa uzuri ba, kuma ba na cewa ya yi masa. Ba tare da kiredit a Turanci ba ƙofar jami'a a rufe take, kowa ya san wannan. Mu da ke tare da yaron shekara da shekaru kafin ranar jarrabawa, mu ne ya kamata mu gane daga ina kuskuren ya taso.

Akwai inda Hausa ta riga ta raba abin tsaf, malami bai da aiki sai ya nuna. Muna cewa Katsina tana arewacin Najeriya, amma Nijar tana arewa da Najeriya. Wannan shi ne bambancin "in the north of" da "to the north of", ba ragi ba ƙari. Na ga ɗaliban babbar sakandare suna faɗuwa wannan tambaya, alhali kakarsu da ba ta taɓa shiga aji ba ba za ta taɓa haɗa "arewacin" da "arewa da" ba. Haka "opposite". Mu cewa muke yi gidajen suna kallon juna, ko shagon yana tsallaken titi. Da zarar ka faɗa wa yaro haka ya riƙe har abada, ba zai ƙara rikita shi da "beside" ko "next to" ba, waɗanda su kafaɗa da kafaɗa ne. Na sha ganin allunan talla an rubuta "adjacent", wato kafaɗa da kafaɗa, alhali wurin a tsallake yake, mai nema ya yi ta zagaye a rana. Maganar "between" da "among" ba sai na ja ta ba, na farko tsakanin wannan da wancan ne, na biyu cikin taro ne.

Kada wani ya ɗauka abin a jarrabawa da kwatancen gida ya tsaya. Takardar jarrabawar kanta da waɗannan kalmomi take ba da umarni, "the passage below", "the diagram above". Fom ɗin banki ko na neman aiki zai ce kada ka yi rubutu "below this line", ko ka sa hannu "across" hoton fasfo, wato sa hannun ya ratsa hoton ya fita kan takarda. Akwai ƙwayar maganin da ake rubuta wa "under the tongue", a sa ta ƙarƙashin harshe ta narke, ba a haɗiye ta da ruwa ba. 'Ya'yanmu ne ke karanta wa tsofaffi waɗannan takardu a gida, saboda su ne "'yan boko". Idan yaron ya karanta manyan kalmomin daidai ya yi tuntuɓe a kan ƙaramar, wa zai sani?

Manufar ilimi ta ƙasa tun ta 1977 ta yi maganar a fara koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare, a 2022 kuma gwamnati ta amince da wata manufar da ta ce har aji shida. Manufofi suna zuwa suna tafiya, masu mulki suna ta ja-in-ja a kansu, ni ba wannan muhawarar na shigo ba. Ko da Turanci zalla aka ce a koyar, ba dokar da za ta cire Hausa daga kan yaron Tudun Wada. Da ita yake tunani, da ita zai auna duk kalmar da ka ba shi. In ka ƙi kiran ta a fili ka gwada su gefe da gefe, za ta yi aikinta a ɓoye, ta kai shi ƙarshen katangar gidan mai ta ajiye.

Roƙona ga 'yan'uwana malamai shi ne a daina gama wannan babi a mako ɗaya. A fito da yara daga aji. Ga bishiyar darbejiya a filin makaranta, ga rijiya, ga katanga, ga ƙofa. A ce wa yaro ya je ya tsaya "at the gate", wani ya tsaya "behind the wall", wani "between" abokansa biyu, sannan a tambaye su yadda za su faɗi inda suke da Hausa, a bar su su ji bambancin da kunnensu. Ba a bukatar kwamfuta, ba a bukatar sisin kwabo. Kwalejojin horar da malamai kuma su dubi wannan da kyau, domin malamin da bai taɓa zama ya gwada harsunan biyu ba, layin nan na tsakiyar allo kawai zai ja, kamar yadda na yi. Iyaye ma ba a bar ku a baya ba. Uwar da ta yi ko da firamare za ta iya aiken ɗanta ya ɗauko buta "beside the door", ta ga inda zai nufa.

Kai kuma Malam Edita, ga nawa kokon barar. Ka ware mana ɗan gurbi a jaridar nan, ko da rabin tafin hannu ne, kowane mako a ɗauki kalma ɗaya, a kawo jimlar Turanci, a kawo yadda Bahaushe ke faɗin wannan abu a bakinsa, ba fassarar ƙamus ba. Masu irin sana'ar ɗalibina suna da yawa a Abuja da Legas da Fatakwal, 'yan acaba da direbobi da masu gadi da 'yan aike, kuma da yawansu a waya suke karanta jaridar nan. Idan ka amince, na ɗauki nauyin rubuta na watanni uku na farko, ba na neman ko kwabo.

Kafin yaron nan ya koma Abuja na yanko murfin wani tsohon littafin rubutu, muka zauna ni da shi muka rubuta kalmomi takwas da ya ce su suka fi zuwa masa a saƙonni. A gaban kowace na sa shi ya rubuta Hausar da hannunsa. "In front of", ƙofar wurin. "Opposite", tsallaken titi, suna kallon juna. "After", ka wuce shi. "By", dab da shi. Ya naɗe katin a leda saboda ruwan sama, ya ce zai manna shi a tankin babur. Makon jiya ya kira ni da daddare, ina jin ƙarar motoci a bayansa, ya ce abokan aikinsa uku sun ɗauki hoton katin da waya, ɗaya kuma yana tambaya mene ne "off", domin ana yawan rubuta masa adireshi kamar "off Ahmadu Bello Way". Na ce ya gaya masa layi ne da ya ɓalle daga babban titin, kada ya tsaya a kan titin yana jira, ya shiga kwana.

Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, ya yi wa 'ya'yanmu albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin Turanci,
Tudun Wada, Zariya.